Rahoton Ƙungiya: Bayan Bikin Buɗewa, Me Ya Canza a Gari?

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ga dacewar ya ba mu wannan dama, ya kuma zaɓa mana batun da za mu yi magana a kai, wato yadda ƙungiyar sa-kai irin tamu ya kamata ta rubuta rahoton ayyukanta. Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan aikin sakatare ne, ba abin da za a tara manyan mutane a kansa ba ne. To amma mu dubi waɗanda ke zaune a wannan zaure. Akasarinku a Kano da Kaduna da Abuja da Legas da Fatakwal kuke neman abinci. Zuwanku gida bai wuce na Sallah, ko biki, ko ta'aziyya ba, kwana biyu ko uku kun juya. Kuɗin da kuke aikowa kuwa duk shekara yana aiki a bayan idonku. An ce gani ya kori ji, to wanda bai samu gani ba, rahoto shi ne idonsa. Idan rahoto ya yi hazo, mai ba da gudummawa ya zama makaho a kan dukiyarsa.

Duk wanda ya saba karanta mujallun ƙungiyoyin ci gaban garuruwa ya san yadda rahotanninsu suke tafiya. Shafin farko hoton shugaba, na biyu hoton uban ƙungiya, sannan jerin ayyuka: an haƙa rijiyoyin burtsatse, an gyara ajujuwa, an raba littattafan rubutu, an biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa, an kai buhunan hatsi ga marayu. Sai a rufe da godiya ga masu hannu da shuni. Babu ƙarya a cikin wannan jeri, kuma waɗanda suka yi ɗawainiyar sun cancanci yabo. Sai dai mai karatu yakan ajiye mujallar da tambaya guda a ransa wadda ba a amsa masa ba: rijiyar nan tana ba da ruwa har yanzu? Yaran da aka biya wa kuɗin jarrabawa, nawa ne suka ci?

A da ana iya wuce wannan tambaya a zauna lafiya. Yanzu kuwa kuɗi ya yi wuya. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, da sakin darajar naira da ya biyo baya a watan Yuni, kowane magidanci ya san abin da ya sami aljihunsa. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. A waje ma haka abin yake: a 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, wadda tun 1961 take ba da tallafi a ƙasashe masu tasowa. Ma'aikacin da ya tsakuro daga albashin da bai ishe shi ba ya aiko gida, yana da haƙƙin ya san abin da kuɗinsa ya haifar. Haka gidauniyar da ƙungiyoyi ɗari suke layi a ƙofarta, wanda ya zo da hujja shi za ta saurara.

Masana wannan fanni sun raba aikin raya al'umma zuwa matakai, kuma tun 1969 aka tsara wa hukumar USAID ɗin nan wani jadawali a kan haka, wanda daga baya ya bazu a duniya. A taƙaice matakan su ne abin da aka zuba, wato kuɗi da kayan aiki da gumin jama'a. Da abin da aka yi, wato gini ko rabo ko horo. Da kuma abin da ya canza a rayuwar mutane saboda aikin. Wannan na ƙarshe shi ake kira tasiri. Rahotanni da yawa a mataki na biyu suke tsayawa, domin shi ne mai saukin ƙirgawa, shi ne kuma yake kyau a hoto.

Mu da muka sha ƙurar alli mun daɗe da sanin wannan bambanci, ko da ba mu kira shi da wannan suna ba. A 1976 da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, an yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Ta fuskar rajista wannan nasara ce babba. Amma duk hedimastan da ya san aikinsa ya san cewa rajistar ɗauka daban, rajistar halarta daban, kuma iya karatu wani abu ne na uku. Sufeton kirki idan ya zo makaranta ba ya tsayawa a ofis yana duba littattafai kawai, sai ya shiga aji huɗu ya nuna yaron da ke bayan aji ya ce ya tashi ya karanta. A nan ake sanin gaskiyar makaranta. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara, kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi, alhali da yawansu sunayensu suna cikin rajista. Saboda haka idan ƙungiya ta rubuta cewa ta gina aji, ta ba mu labarin bulo da kwano ne. Labarin yaro yana gaba.

Bari mu kawo misalin da dattawan wannan zaure suka gani da idonsu, domin a ganinmu babu darasin rubuta rahoto da ya fi shi. Muna nufin yaƙi da kurkunu. Matasa da yawa a nan ba su taɓa ganin mai kurkunu ba, to su tambayi iyayensu yadda take kwantar da magidanci a tsakiyar damina, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, gona kuwa ciyawa ta cinye. A 1986 da cibiyar marigayi Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, ta shiga wannan yaƙi, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da cutar a shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Abin da aka fara yi a Nijeriya shi ne ƙirga. Tsakanin 1988 da 1989 aka bi ƙauye-ƙauye, aka samu mutum fiye da 653,000 masu ɗauke da ita. Babu ƙasar da ta kai mu yawa a lokacin.

Kurkunu ba ta da magani, ba ta da allurar riga-kafi. Abin da ake yi shi ne tace ruwan sha da ƙyalle, da zuba maganin kashe ƙwari a kududdufai, da hana mai ciwon sa ƙafarsa a ruwan da ake sha, da haƙa rijiyoyi masu tsabta. Da masu aikin sun ga dama, da kowace shekara sai su rubuta cewa sun raba ƙyallen tace ruwa kaza, sun yi taron faɗakarwa kaza, a tafa musu. Ba su yi haka ba. Ma'auninsu guda ne: mutum nawa tsutsa ta fito wa a wannan wata, a wane ƙauye? Kowane ƙauye da ɗan sa-kai mai littafi, yana kai rahoto duk wata, kuma ko ba a sami kowa ba dole ya rubuta sifili ya kai, domin sifilin ma labari ne. Janar Yakubu Gowon da kansa ya riƙa shiga ƙauyuka a kan wannan aiki. A 2008 aka ga mutum na ƙarshe mai kurkunu a Nijeriya, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasar takardar shaidar rabuwa da cutar, tare da maƙwabciyarmu Nijar. Ku lura ba a ba da takardar nan da zarar an ce ta ƙare ba, sai da aka shekara aƙalla uku ana sa ido, har da sa ladan kuɗi ga duk wanda ya nuna mai ɗauke da ita. A 2024 waɗanda suka kamu a duniya baki ɗaya ba su kai mutum 20 ba, a Chadi da Sudan ta Kudu.

Abubuwa biyu muke so a riƙe daga wannan labari. Na farko, da ba a yi ƙirgar 1988 ba, da babu wanda zai iya cewa ga inda aka taso, ga inda aka iso. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rahoton da za a karanta a taron baɗi, ranar da aka yanke shawarar aiki ake fara rubuta shi, tun kafin a sa harsashi. Idan aji za a gina, a rubuta yara nawa ke zaune a ƙasa yau, nawa ke zuwa ranar kasuwa, nawa ne mata. Idan rijiya ce, a rubuta daga ina ake ɗebo ruwa yanzu, tafiyar minti nawa ce, nawa 'yan ga-ruwa suke sayar da jarka a watan Afrilu. Na biyu, tsutsar kurkunu sai ta yi kimanin shekara a jikin mutum kafin ta fito, don haka aikin da aka yi bana sai baɗi ake ganin sakamakonsa. Yawancin ayyukan ƙungiya haka suke. Rahoton da bai waiwayi ayyukan shekarun baya ba, ya bar wurin da labarin yake.

A kan wannan waiwaye muke so mu ɗan daɗe, musamman game da ruwa, tunda babu ƙungiyar gari da ba ta taɓa haƙa rijiya ba. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 22 cikin 100 na famfunan tuƙa-tuƙa da ke Afirka kudu da Sahara ba sa aiki. Kowane ɗaya daga cikinsu an yi bikin buɗe shi, an ɗauki hoto, an sa shi a rahoto. Mutuwarsa ce kawai ba a rubuta ba.

Kada kuma mu ɗauka wannan ciwon ƙananan ƙungiyoyi ne kaɗai. A Afirka ta Kudu an ƙirƙiro wani famfo mai suna PlayPump, wanda aka haɗa shi da lilon yara mai zagayawa, ta yadda idan yara suna wasa ruwa yana hawa tanki. Dabara ce mai daɗin ji, hotonta kuma ya fi ta daɗi. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alƙawarin dala miliyan 16.4, da burin kafa famfo 4,000 zuwa 2010, kowanne a kan kimanin dala 14,000, wato ninkin ba ninkin kuɗin famfon hannu. Rahotanni suka yi ta ƙirga famfunan da aka kafa. Sai da 'yan jarida da masu bincike suka koma ƙauyukan, musamman a Mozambik, aka tarar yara sun gaji da wasan, mata tsofaffi ne ke tura lilon da kyar, wasu famfunan kuma sun lalace watanni babu mai gyara. A 2009 jaridar Guardian ta Ingila ta yi lissafi ta nuna cewa kafin a cika alƙawarin ruwan da aka yi, sai yara sun yi wasa na awa 27 a kowace rana, alhali awa 24 Allah ya yi mata. A 2010 ƙungiyar da ke tallata famfon a Amurka ta naɗe tabarmarta. Da tun farko an tambayi matan da ke ɗiban ruwan, da an huta.

Shawararmu ita ce kowane rahoto ya ƙunshi shafi guda na tsofaffin ayyuka: sunan aiki, shekarar da aka yi shi, halin da yake ciki a ranar da aka duba, da sunan muƙamin wanda ya duba. Yana aiki, ko ya tsaya. Idan ya tsaya tun yaushe, me ya lalace, nawa gyaran zai ci, wa ke da alhakin gyarawa. Shafin nan ba zai yi kyan gani kamar hoton bikin buɗewa ba, amma muna da yaƙinin shi za ku fara buɗewa idan mujalla ta iso muku.

Sai batun jingina nasara. Idan bana ɗaliban garinmu suka ci jarrabawa fiye da bara, ba lallai ne littattafan da ƙungiya ta raba ne suka jawo ba. Wataƙila sabon malamin lissafi aka turo, wataƙila bara ambaliya ce ta hana karatu. A yammacin Kenya an gwada wannan a aikace. A 1996 aka zaɓi makarantu 25 daga cikin 100 ta hanyar ƙuri'a aka ba su littattafan karatu, aka bar sauran don kwatantawa. Kowa ya sa ran maki zai tashi. Sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa matsakaicin makin yara bai tashi ba, waɗanda dama suke kan gaba a aji su kaɗai suka amfana, domin littattafan da Turanci aka rubuta su, harshen da yake na uku ga yawancin yaran. Wannan magana ta taɓa mu sosai, mu da muka koyar da yaran da Hausa kaɗai suka taso da ita. A wannan yanki dai, daga 1998, aka ba yara maganin tsutsar ciki a makarantu 75, sai fashin makaranta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan kuɗi ƙalilan, ko da yake makin jarrabawa bai motsa ba, kuma masana sun yi ta muhawara a kan alƙaluman daga baya. Michael Kremer, wanda yake cikin binciken biyu, yana daga cikin mutum uku da aka ba kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 saboda irin wannan aiki.

Ba muna cewa ƙungiyar gari ta koma jami'a ba ne. Abin da take iyawa shi ne ta kwatanta bana da bara da bara waccan, ta leƙa makarantar ƙauyen maƙwabta da ba a yi wa komai ba, sannan ta yi taka-tsantsan da harshe. “Mun ba da gudummawa” ta fi “mun kawo” kusa da gaskiya a mafi yawan lokuta, musamman inda ƙaramar hukuma ko wani ɗan gari shi kaɗai ya sa hannu.

Akwai kalma guda da muke roƙon masu rubuta rahoto su yi hattara da ita, wato “amfana”. Za ka ji an ce mutum dubu goma sun amfana da rijiya, da ka bincika sai ka tarar yawan mutanen garin aka rubuta, har da na unguwar da ke da tafiyar awa guda. Ko manya ba su tsira ba. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Amurka ta tara kusan dala miliyan 500, ta kuma bayyana cewa ta samar wa mutum fiye da 130,000 matsuguni. A 2015 binciken kafofin labarai na ProPublica da NPR ya nuna cewa gidajen dindindin da ta gina guda shida ne. Ƙungiyar ta kare kanta da cewa lissafinta ya haɗa da matsugunan wucin gadi da biyan kuɗin haya da gyare-gyare, ga kuma rikicin mallakar filaye da ya hana gini. Ko da hakan ne, wanda ya ba da kuɗinsa gida ya hango a ransa, kuma sunan ƙungiyar ya sha ƙasa a wannan karo. Maganin abin shi ne a faɗi yadda aka yi ƙirgar. Gida nawa ne ke ɗiban ruwa, wa ya ƙirga, a wane wata.

Bari mu kwatanta da misali, kuma alƙaluman nan na misali ne kurum. Wani sakatare ya rubuta: ƙungiya ta biya wa ɗalibai 40 kuɗin jarrabawar NECO, muna godiya ga waɗanda suka taimaka. Wani kuma ya rubuta: an biya wa ɗalibai 40, mata 11 maza 29, 38 suka zauna jarrabawar, biyu ba su zauna ba, ɗaya saboda aure ɗaya saboda rashin lafiya, 17 suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, bara 12 ne daga cikin 40, tara sun sami gurbin ci gaba da karatu, yawancin waɗanda suka faɗi a lissafi suka faɗi, kuma makarantar ta yi zango biyu babu malamin lissafi. Rubutun na biyu bai fi na farko da layi biyar ba. Amma wanda ya karanta shi ya san cewa baɗi, kafin a biya kuɗin jarrabawa, sai an fara neman malami, ya kuma san akwai magana a kan 'yan mata 11 cikin 40. Rahoto ya zama abin yanke shawara ke nan.

Wannan ya kawo mu ga abin da shugabannin ƙungiyoyi suka fi jin nauyinsa, wato rubuta aikin da bai yi kyau ba. Ana tsoron kada a ce an ci kuɗi, ko 'yan hamayya su samu abin faɗa a zaɓe mai zuwa. To ai ranar wanka ba a ɓoye cibi. Mutanen gari sun riga sun san rijiyar da ta ƙafe, kuma a zamanin WhatsApp hotonta yana isa Legas kafin mujalla ta fito daga maɗaba'a. Idan rahoto ya yi shiru a kan abin da kowa ya sani, sauran abin da ya faɗa ma sai a daina gaskatawa. Ƙungiyar injiniyoyin sa-kai ta Kanada, Engineers Without Borders, tun 2008 ta fara buga wani rahoto na musamman da babu komai a cikinsa sai ayyukanta da suka ci tura da dalilin haka, kuma hakan bai rusa ta ba, ya ma sa wasu suka yi koyi da ita. Mu ba sai mun kai nan ba. Sakin layi biyu masu faɗin abin da ya faru, da abin da za a yi dabam, ba tare da kama sunan kowa ba, sun wadatar.

Game da kuɗi ba za mu tsawaita ba, domin ma'aji da mai binciken kuɗi sun fi mu sani. Duk ƙungiyar da ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, CAC, ta san akwai bayanin shekara-shekara da ake miƙa mata. Wannan na hukuma ne, ba ya maye gurbin bayanin da ake bin 'yan ƙungiya. A nuna abin da ya shigo reshe-reshe, da abin da ya fita aiki-aiki, da abin da ya rage a banki. A riƙa rubuta farashin siminti da kwano na lokacin da aka yi aiki, don kada wanda ya ga kuɗin aji a 2021 ya zargi wanda ya gina a 2025. Kuma kada a ji kunyar rubuta kuɗin mota da na buga takardu da na zuwa duba ayyuka. A 2013 manyan cibiyoyi uku masu tantance ƙungiyoyin agaji a Amurka, GuideStar da Charity Navigator da BBB Wise Giving Alliance, sun fitar da wasiƙa ta haɗin gwiwa suna jan hankalin masu bayarwa cewa ƙarancin kuɗin gudanarwa shi kaɗai ba ma'aunin nagartar ƙungiya ba ne. Ƙungiyar da ba ta ware ko sisi don komawa duba rijiya ba, tsimin da ta yi na banza ne.

Wani abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne hotunan mabuƙata. Za ka ga an tsayar da marayu a layi, kowa riƙe da ƙullin shinkafa, ko gwauruwa ta sunkuyar da kai ana miƙa mata ambulan, an buga a mujalla har da suna. Garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Yaron nan zai girma, ya nemi aure, wataƙila ya zauna a kujerar shugaban wannan taro, mujallar kuwa tana nan a akwatin wani. Tarbiyyarmu ta rufin asiri ta riga doka, amma dokar ma ta zo: Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta tanadi neman yardar mutum kafin a yi amfani da bayanansa, idan yaro ne kuma yardar iyaye ko mai riƙo. Labarin mutum guda yana ƙara wa rahoto armashi, ba mu hana ba, amma a nemi izininsa, a sakaya sunansa, a kuma faɗa idan shi ne wanda ya fi kowa dacewa a cikin waɗanda aka taimaka, kada a ɗauka kowa haka ya samu.

Wa zai tattara duk wannan? Ba sai an ɗauko ƙwararre daga Abuja ba. Hedimasta yana da rajistar halarta, shugaban sakandare yana da sakamakon jarrabawa, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi yana da littafin masu zuwa, ungozoma ta san haihuwar kowace unguwa, matan da ke layin famfo kuma sun san ranar da ya tsaya fiye da kowa. Ga tsofaffin malamai da ma'aikata da suka yi ritaya suna zaune a gida, sun saba da riƙon littafi. Sharaɗi guda ne: wanda ya ba da kwangila ko ya karɓa, kada ya zama shi ne mai rubuta yadda aikin ya kasance. Ba zargi ba ne, kare mutuncinsa ne.

Harshen rahoto kuma ya zama Hausa, mai sauƙi, shafi huɗu zuwa shida. Idan za a kai wa wata gidauniya ko ma'aikata sai a fassara, amma alƙaluman su zama iri ɗaya, kada a yi na gida daban na baƙi daban. Kafin a kai maɗaba'a a karanta shi a ƙofar fadar dagaci, a kuma sa wata malama ta karanta wa mata a cikin gida, domin idan akwai abin da aka rubuta ba daidai ba, a nan za a ji. Bayan an buga a aika wa rassa ta waya mako biyu kafin taro, don ku zo da tambayoyinku a shirye maimakon a karanta muku shi a tsaye ana jiran abinci.

Mai girma shugaba, roƙonmu ga wannan taro shi ne kafin a watse a naɗa mutum biyar mazauna gida, aƙalla biyu mata, a saya musu babban littafin rajista mai bango mai kauri, a ware musu kuɗin mai. Aikinsu na farko su zagaya duk abin da ƙungiyar nan ta taɓa ginawa ko haƙawa tun kafuwarta, su rubuta halin da suka same shi. Ya kamata a yi wannan zagaye a watan Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya yi nisa, domin rijiyar da aka duba da damina ba ta faɗin gaskiya. Sai su sake komawa makarantu a mako na uku na zangon farko, bayan rajista ta daidaita, su kawo wa sakatare abin da suka samu wata biyu kafin taron baɗi.